Fitilar kekenka hanya take haskawa ko idon mutane?

Tun da fitilun LED masu caji suka cika kasuwa hawa keke da daddare ya yi sauƙi, wannan kam ba gardama. Da can ɗan dainamo ne manne a jikin taya, kana taka feda yana kuka yana ba ka wani jan haske da ƙyar kake hango rami, kana tsayawa kuma ya mutu. Yanzu da 'yan kuɗi kaɗan za ka sayi wadda in ka kunna ta lungu gaba ɗaya sai ya washe. Ni ma ita nake amfani da ita kuma ba zan koma dainamo ba. Amma wallahi yadda da yawanmu ke ɗaura ta a kan keke cutar da mutane ne kawai.

Ku lura bayan sallar isha'i a unguwar da babu wuta, za ka ga dattijo ya fito daga masallaci yana lallaɓa gefen kwalbati, sai ga mai keke ya dallare shi da fitila a fuska, ya sa hannu ya kare ido ya tsaya cak, keken ya wuce amma shi bai motsa ba saboda har yanzu ba abin da yake gani sai wani ɗigon haske yana yawo a idonsa. Shi ma da sauƙi tunda a ƙasa yake. Mai babur ɗin da ke tahowa ta gabanka fa? shi ba tsayawa zai yi ba, tafiya zai ci gaba da yi a makance, kuma wajenka ya nufo.

Abin da yawancinmu ba mu gane ba, ba ƙarfin fitilar ba ne kaɗai matsalar, inda hasken ke zuwa ne. Ƙwan mota na halojin in an sa dim yana ba da wajen lumen 1000 zuwa 1500 (lumen shi ne ma'aunin jimlar hasken da ƙwai ke fitarwa), ya fi na kekuna da dama, amma an ƙera gilashin yadda hasken zai yanke a wani layi ya zube a kan titi. Yawancin fitilun keke da ake kawo mana kuwa tocila ce kawai aka yi mata maɗauri, haskenta a zagaye yake fita, in ka saita ta miƙe kusan rabi sama yake tafiya, kan bishiya da idon jama'a. Ga shi daga ɗan ƙaramin wuri yake fitowa fari fat, ido kuma ya riga ya buɗe saboda duhu. Kafin ido ya gama sabawa da duhu sosai sai ya ɗauki minti 20 zuwa 30, kai kuma ka zo ka ɓata masa aiki cikin ƙiftawa. Tsofaffi da masu yanar ido su suka fi shan wahala.

Kuma don Allah a daina ruɗuwa da lambar da ke jikin kwali. Za ka ga an rubuta lumen 5000 ko 10000 a kan fitila mai ƙwai ɗaya, alhali ɗan ƙwan nan T6 da ake yawan sa musu iyakarsa wajen 1000 ne.

Jamusawa sun daɗe da ɗaukar maganar nan da gaske. A dokarsu ta ababen hawa, StVZO, sashe na 67 kan fitilar keke yake magana. Wadda aka amince da ita za ka ga alamar wani lanƙwasasshen layi da harafin K da lamba a jikinta, kuma dole haskenta ya yanke daga sama irin na dim ɗin mota. Ba yawan lumen suke dubawa ba, hasken da ya isa inda ake buƙata suke aunawa, aƙalla luks 10 (ma'aunin hasken da ya sauka a wuri) a nisan mita 10. Sai a 2013 ma suka yarda mai batir ta maye gurbin dainamo. Fitila mai ƙyafta-ƙyafta a jikin keke kuwa ba su yarda da ita ba, duk da Birtaniya ta halatta ta tun 2005. A nan ni ina bayan Jamus, don da rana ƙyaftawar na iya sa direba ya lura da kai, amma cikin duhu sai ya kasa gane nisanka da saurinka.

Ba cewa nake a kashe fitila ba fa, mai tafiya a duhu babu ko ɗigon haske ya fi kowa ganganci, ga ramuka ga karnuka ga yashi. Saiti kawai nake roƙo. Akwai wani tsohon ma'auni a dokar Jamus ɗin da kowa zai iya gwadawa a gida: ka tsayar da keke mita 5 daga bango, tsakiyar hasken ya sauka a rabin tsayin fitilar daga ƙasa, kenan in fitilarka na mita 1 hasken ya bugi bango a rabin mita, a kan hanya kuma zai sauka wajen mita 10 a gabanka. Sai ka jingine keken ka koma gaba ka kalle shi da idonka, in ya kashe maka ido to ka ƙara sunkuyar da ita. A cikin gari matsakaicin haske ya isa, batir ma ya fi daɗewa. Kuma ka riƙa duba maɗaurin robar nan don gargada na ɗaga ta sama a hankali ba ka sani ba.

Masu ɗaura fitila a goshi ku ne abin ya fi shafa, don duk wanda ka kalla ka haske shi kenan, kuma mutum in ya ga wani na tahowa fuskarsa yake fara kallo. In dole sai da ita, kana hango mutum ka sunkuyar da kai ko ka rage ta har ku wuce juna.