Agwagwar daji a bakin tafkin lambu: abin da aikin ya koya mana

Daga watan Maris zuwa Yuli, masu aikin lambu a Ingila ba sa rasa irin wannan kira. Mai gida ya ɗaga ganye a gefen ɗan tafkin da ya haƙa don ado, sai ya ga ƙwai huɗu ko biyar masu ɗan kore-kore, babu uwa a kai. Hankalinsa ya tashi, yana tambaya ko a kwashe su a kai wuri mai ɗumi. Abu na farko da muka koya shi ne a bar sheƙar yadda aka same ta, domin akasarin asarar da ake yi, masu son taimako ne ke jawo ta.

Agwagwar da ake magana a kanta ita ce malad. Toronta yana da koren kai mai sheƙi da farin zobe a wuya, macen kuwa ruwan ƙasa ce mai ɗigo-ɗigo, in ta lafe a cikin busasshen ganye sai ka kusa taka ta ba ka gani ba. Wanda ya saba da agwagwar gida irin tamu ya gyara lissafi: tamu asalinta Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne, kuma kwana 35 take kwanci. Malad kwana 27 zuwa 28 take yi.

Ƙwai ɗaya take yi a rana, har su kai takwas zuwa goma sha uku, kuma ba ta fara kwanci sai ta gama. Shi ya sa a makon farko da na biyu ake ganin sheƙa ba kowa. Ba gudu ta yi ba. Jinkirin nan ne ke sa 'ya'yan su ƙyanƙyashe kusan lokaci guda, cikin kwana ɗaya. In ta fara kwanci takan tsige lallausan gashin ƙirjinta ta shimfiɗa, in za ta fita kiwo sau ɗaya ko biyu a rana sai ta ja gashin ta rufe ƙwan. Don haka ranar da aka ga ta zauna daram ita ce za a rubuta a kalanda, a ƙirga kwana 28 daga nan. Wanda ya fara ƙirge daga ranar ƙwan farko zai yi kuskuren kusan mako biyu, ya ce ƙwan ya lalace alhali da sauran lokaci. Toron kuma in an daina ganinsa ba abin damuwa ba ne, ba ya kwanci, ba ya reno.

Matsar da sheƙa, ko da taku biyu ne, yakan sa ta ƙi komawa, domin wurin ta sani. Ban da haka ma laifi ne. Dokar kare namun daji ta Birtaniya ta 1981 ta hana mutum da gangan ya lalata ko ya ɗauke sheƙar da tsuntsun daji ke amfani da ita, haka ma ƙwansa. A Amurka dokar tsuntsaye masu ƙaura ta 1918 ta shafi malad. Abin da ya rage wa mai lambu shi ne ya bar ciyawa da ganye kamar mita biyu kewaye da wurin ba tare da yanka ba, ya riƙe kare da igiya, ya kulle mage a ɗaki musamman da asuba. Kada a ajiye mata abinci kusa da sheƙa don tausayi. Ba ta cika ci a lokacin kwanci ba, kuma hatsin ɓera da hankaka zai kira, daga hatsi su koma kan ƙwai. Yanyawa ma warin take bi.

Inda ya kamata a zuba ƙarfi shi ne bakin tafkin, kuma nan ne aka fi sakaci. Yawancin tafkunan ado ana yi musu gefe a miƙe, da dutse ko bulo a sama, ruwan yana ƙasa da bakin da kamar tsawon yatsa ko fiye. Uwar za ta yi tsalle ta fita ba wahala. Ɗan da bai kai kwana biyu ba zai yi ta kewaya gefen yana kuka, ya kasa hawa. Gashinsa bai riga ya iya tare ruwa sosai ba, dole ya fito a kai a kai uwar ta rufe shi ya ji ɗumi. In ya daɗe sai gashin ya jiƙe, sanyi ya kama shi, ya nutse a cikin ruwan da bai kai gwiwa ba. Maganin ba tsada. A samo katako mai faɗin tafin hannu biyu, a naɗe shi da tsohon buhu ko tawul don kada ƙafa ta zame, a nutsar da kai ɗaya cikin ruwa a danne da bulo, ɗayan ya hau bakin tafki, ya kwanta sosai ba a tsaye ba. Gara a sa biyu, a ɓangarori daban. In da hali a cika tafkin har baki. Duk wannan a gama shi tun mako guda kafin ranar ƙyanƙyasa, a lokacin da ta fita kiwo.

A wannan makon ne kuma za a cire ragar da ake shimfiɗawa kan ruwa don hana zalɓe cin kifi, domin 'ya'yan suna sarƙewa a cikinta. A duba bakin injin da ke zuƙar ruwa zuwa wurin tace shi, a rufe shi da waya mai ƙananan ramuka ko a kashe shi. A zagaya gida a nemo duk wata kwata mai murfin ƙarfe, a ɗora katako a kai. Uwar takan taka ta wuce, 'ya'yan su zurma ɗaya bayan ɗaya.

Bayan ƙyanƙyasa sukan yi aƙalla awa goma a sheƙa suna bushewa, sannan ta fito da su, galibi da sassafe. Su ke ciyar da kansu, ƙwari da tsiron ruwa suke tsinta. A nan ne ɗan tafki ke nuna iyakarsa: ba zai riƙe 'ya'ya goma har kwana 50 zuwa 60 da suke bukata kafin su tashi sama ba. Cikin 'yan kwanaki za su cinye talibambam, su tumɓuke bado, kashinsu ya sa ruwa ya yi kore da gansakuka, kifi ya fara haki a sama. Uwar ta san haka, shi ya sa takan nufi babban ruwa da su a ƙafa. In lambun yana da katanga, a buɗe mata ƙofa. In akwai titi a tsakani, a saka 'ya'yan a buɗaɗɗen kwali, a riƙe shi ƙasa-ƙasa yadda za ta ji kukansu, a yi tafiya a hankali tana bi. Kada a kore ta, kada a kai mata cafka. In ta firgita ta tashi, tana iya ƙin dawowa, renon goma ya faɗo kan wanda bai shirya ba.

In dole sai sun zauna, a ba su yankakken latas da ɓarzajjen hatsi a ruwa marar zurfi. Burodi yana cika ciki ba tare da gina jiki ba, ragowarsa kuma yana ruɓewa a tafki. Mai kiwon kaji ya raba su da agwagin daji da ruwan da suka shiga, ya wanke hannu da takalmi, domin tsuntsayen ruwa ne ke ɗauke da murar tsuntsaye ko da lafiyarsu ƙalau a ido.

Bayan sun tafi, ƙwan da bai fashe ba a jira kwana biyu ko uku kafin a zubar. A sauya kamar kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan a kowane mako har ya washe, kada a juye shi duka a rana ɗaya. Macen da ta yi nasara takan dawo wurin baɗi. Wanda ba ya so ta dawo, a watan Fabrairu zai rage duhuwar gefen tafkin, tun kafin ta fara gina sheƙa doka ta ɗaure masa hannu. Wanda yake so kuma, ya adana katakon nan a inda zai tuna.