Wanka a Tafkin Gishiri na Pedra de Lume

Tafkin da na je wanka a cikinsa yana Pedra de Lume, a gabashin tsibirin Sal na ƙasar Cabo Verde, cikin kwarin wani dutse mai aman wuta da ya daɗe da macewa. Ana shiga ne ta wata hanya da aka huda a jikin dutsen a 1804, zamanin da wani ɗan kasuwa ɗan Portugal, Manuel António Martins, yake haƙar gishiri a wurin, domin a sauƙaƙa kai kaya bakin teku. Da na ɓulla ta ɗaya gefen sai ga fadamun gishiri a shimfiɗe, wasu fari fat, wasu da ruwa ja-ja, ga kuma tsofaffin turakun katako na igiyar dako da wani kamfanin Faransa ya kafa a 1921 har yanzu suna tsaye.

Gindin kwarin ya yi ƙasa da tekun da ke kusa, saboda haka ruwa yake tsattsafowa ta cikin duwatsu, rana da iska su ƙafar da shi, gishiri ya yi ta taruwa har ya ninka na teku sau da yawa. Nauyin da gishirin ya ƙara wa ruwan ne yake ɗaga mutum. Na kwanta rigingine, ban motsa hannu ko ƙafa ba, amma ban nutse ba, kuma na gane cewa wahalar tana wajen miƙewa, domin ƙafafu sukan ƙi komawa ƙasa. Kwanciya rub da ciki kuwa haɗari ce, tunda tana jefa fuska cikin ruwan da ko ɗigonsa ya shiga ido sai mutum ya ji a jikinsa.

Shirin da aka yi kafin shiga ya fi wankan kansa muhimmanci. Wanda ya yi aski a ranar, ko yake da ƙuje ko faso, zai sha raɗaɗi tun daga taku na farko. Takalmin roba wajibi ne, saboda ƙwayoyin gishirin da ke ƙasa suna da kaifi. Haka nan ya kamata a tanadi ruwan sha da yawa, domin inuwa kaɗan ce a kwarin, kuma gishiri yana jawo ƙishi.

Game da maganar da ake yawan yi cewa ruwan yana da amfani ga lafiya, abin da zan iya shaida kaɗan ne. Gaɓoɓina sun saki, bayana ya huta da ɗaukar nauyi, fatata kuma ta yi laushi bayan na ɗauraye. Wannan hutu ne mai daɗi, amma ban ɗauke shi maganin wata cuta ba, kuma mai hawan jini ko ciwon fata ya fara jin ta bakin likitansa. Ban daɗe a ciki ba, domin da fata ta fara tsikari lokacin fita ya yi. Akwai wurin ɗauraya da ruwan daɗi a gefe, ana biyan kuɗinsa daban da na shiga, kuma gara a nufe shi kafin gishirin ya bushe a jiki.