Abin da ruwan lu'ulu'u na Neftun ya koya mini a aji

Ina koyar da kemistri a sakandare, kuma duk zangon da muka zo kan sinadarin kabon nakan kawo wa ɗalibai maganar Yuranus da Neftun, manyan duniyoyin nan biyu da ke can ƙarshen dangin rana. Da zarar na ce masana na ganin ana ruwan lu'ulu'u a cikinsu, har masu gyangyaɗi a kujerun baya sai sun ɗago kai. Ba a kuma rasa wanda zai tambaya: "Malam, wa ya gani?" Tambayar nan ta fi kowane littafi gyara mini koyarwa, domin amsarta ita ce babu wanda ya gani. Kumbo ɗaya tak ya taɓa kusantar duniyoyin, wato Voyager 2, wanda ya gifta Yuranus a 1986, ya gifta Neftun a 1989, ya wuce abinsa.

To daga ina maganar ta fito? A 1981 wani masani Ba'amurke, Marvin Ross, na cibiyar bincike ta Lawrence Livermore, ya yi lissafi. Duniyoyin biyu suna ɗauke da iskar metan, wadda kowace ƙwayarta kabon ɗaya ne da haidirojin huɗu. In aka nutsa dubban kilomitoci ƙasa da gajimarensu, zafi da matsi za su kai inda ƙwayar za ta tarwatse, haidirojin ya kama gabansa, kabon ya dunƙule ya zama lu'ulu'u. Da yake ya fi abin da ke kewaye da shi nauyi, sai ya riƙa nutsewa zuwa tsakiya. Wannan nutsewar ce ake kira ruwa, ba wai yayyafi ne daga hadari ba.

Wurin da na fi daɗewa a kai tare da yara shi ne gwajin 2017. Dominik Kraus na Jamus da abokan aikinsa sun je cibiyar SLAC da ke Kalifoniya, suka ɗauki siririn fallen roba irin wadda ake yin kwanon zuba abincin sayarwa da ita, saboda ita ma kabon da haidirojin ce zalla. Suka harbe ta da leza har ta haifar da girgiza biyu, ta biyun ta fi sauri ta cim ma ta farkon. A daidai haɗuwarsu zafi ya kai wajen digiri 5,000, matsi kuma ya ninka na iskar da ke kanmu kusan sau miliyan ɗaya da rabi. Abin bai kai ko kusa da ƙiftawar ido ba, amma hasken eksire ya kama ƙananan lu'ulu'u suna haɗuwa, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. A 2022 aka sake da robar gorar ruwa, mai oksijin a cikinta, aka ga oksijin na sauƙaƙa rabuwar kabon da haidirojin. Nakan ɗaga gorar ruwan da ke kan teburina in ce su dube ta da kyau. Ajin kan yi tsit.

A nan na koyi rarrabe magana kafin in miƙa ta ga yaro. Akwai abin da aka auna a can, kamar metan ɗin da kumbo da na'urorin hangen nesa suka tabbatar. Akwai abin da aka gwada a nan duniya cikin yanayi mai kama da na can. Sai kuma abin da aka lissafo kawai. Almajirin hadisi ya san ba a haɗa ingantacciyar ruwaya da mai rauni a kwando ɗaya, kuma yaranmu sun taso da wannan tunani, don haka ba sa wahalar ɗauka. Ina ganin zalunci ne malami ya dunƙule ukun nan ya ce "masana sun gano", don yaro zai fita da yaƙinin da masanan kansu ba su da shi.

Shi ya sa in an zo kan Jufita da Satun nake sassauta murya. A 2013 masana biyu, Mona Delitsky da Kevin Baines, sun kawo shawarar cewa a waɗannan duniyoyin ma walƙiya kan ƙona metan ya zama baƙin toka, tokar ta nutse ta zama irin baƙin fensir, daga baya lu'ulu'u. Wasu masanan sun yi ja, suna cewa kabon ɗin ya yi kaɗan a cikin tekun haidirojin, zai narke kafin ya dunƙule.

Ko a Neftun ɗin akwai sauran aiki. Tana fitar da zafi fiye da ninki biyu na wanda take samu daga rana, kuma ana zaton gogayyar lu'ulu'un da ke nutsewa na da hannu a ciki. Amma Yuranus, mai kusan kayan haɗi iri ɗaya, zafin da take fitarwa kaɗan ne. A 2022 kwamitin masana na Amurka ya ba hukumar NASA shawarar ta sa aika kumbo zuwa Yuranus a gaba cikin manyan ayyukanta. Ko shi ba zai nutsa har inda lu'ulu'un yake ba; zai auna iskar sama da ƙarfin jan duniyar da maganaɗisunta ne, daga nan a sake lissafa abin da ke ciki.