Na je kare daji a Ingila, aka miƙo min zarto

Duk wanda ke zaune a Linkon ko kusa da ita ya kamata ya leƙa dazuzzukan Bardney ko sau ɗaya ne, suna gabas da garin ta wajen Wragby, ba nisa a mota. Ƙananan dazuzzuka ne a warwatse cikin gonaki, gwamnati ta haɗa su ta mai da su gandun da doka ke karewa, hukumar Forestry England ke kula da yawancinsu. Abin da ya sa aka killace su wata bishiya ce da suke kira laim mai ƙananan ganye, ba lemun tsami ba fa, babbar bishiya ce mai ganye kamar zanen zuciya, kuma nan ne ta fi yawa a duk ƙasar.

Ni ta aikin sa kai na shiga, a Chambers Farm Wood, ɗaya daga cikin dazuzzukan, cikin hunturu. Kai sanyi! Ƙasar wurin yumɓu ce, ruwa ya kwanta ko'ina, in ba ka da takalmin roba mai tsawo to gara ka zauna gida. Muna isa wata dattijuwa da ke jagorantar mu ta raba mana zarto da adda da safar hannu ta ce yau sara za mu yi. Gaskiya raina bai so ba, na ce mata Mama ba kare dajin muka zo yi ba? Ba ta tsaya dogon bayani ba, sai ta ja ni gindin wata bishiya ta ce in daina kallon sama in kalli ƙasa.

Sanduna ne siri-siri sun fi goma sun tashi a zagaye, tsakiyarsu rami ne cike da ruɓaɓɓen ganye da gansakuka, ni da na ɗauka bishiyoyi ne daban-daban ashe duk kututture ɗaya ne, an sare shi ya toho an sake sarewa ya sake tohowa, tsakiyar ta ruɓe gefen yana ta faɗi waje har ya zama da'irar da mutum zai tsaya a ciki. Sandunan yara ne, amma abin da ke ƙarƙashinsu ya yi ɗaruruwan shekaru. Akwai irin wannan a Westonbirt, wani gandun bishiyoyi a Ingila, da masana ke kiyasin ya kai shekara 2000. Wallahi sai da na tsuguna na taɓa shi.

Nan na tuna manoman Maradi da sassaben zamani, yadda tun shekarun 1980 suke barin kututture a gona su zaɓi tsiron da zai tashi su gyara shi. Ilimi ɗaya ne, saiwa in tana da rai ba a gama da bishiya ba.

Wani abin da ya ƙara sa na ji nauyin wurin shi ne wannan bishiyar da wuya ƙwayar irinta ta nuna ta tsiro a can, saboda bazararsu ba ta cika zafin da take buƙata ba. Shi ya sa in ka gan ta da yawa a daji to alama ce dajin tsoho ne, su a ƙa'idarsu tsohon daji shi ne wanda ke nan tun 1600 ba a taɓa mai da shi gona ba. In aka tumɓuke ta shi kenan, ba za ta dawo da kanta ba. A ƙarnin da ya wuce an sare wasu sassan an dasa bishiyoyin katako masu saurin girma, yanzu su ake cirewa a hankali, kuma abin daɗi da yawa daga tsofaffin kututturan ba su mutu a ƙarƙashin inuwar ba.

Saran ma da tsarinsa. A hunturu ake yi kafin tsuntsaye su fara sheƙa, a sare ƙasa-ƙasa a ɗan karkace don ruwa ya zurare kar ya ruɓar da wurin, kuma yanki-yanki ake bi ba gaba ɗaya ba. Aikin da ya fi cin lokaci shi ne tara rassan a kewaye kututturen, don barewa na son sabon toho, in ta samu hanya sai ta cinye shi tas. Mutanen zamanin da ɓawon cikin bishiyar suke jiƙawa su tufka igiya, itacen kuma masu sassaƙa na son shi don laushinsa.

Na koma a watan Yuli, lokacin da take fure. Ƙamshi tun daga bakin hanya, ƙudan zuma sai guna suke a sama, kuma filin da muka sare rana ta shiga, furanni sun fito, malam-buɗe-littafi ko'ina. Tohon wasu kututturan ya kai min ƙugu. Biyu da ba a kewaye su da kyau ba barewa ta aske su, jagorarmu ta ce da su za mu fara in hunturu ya dawo, na ce ta rubuta sunana.