Laraba, tsakiyar hunturu

Da safe ina miƙa hannu zan buɗe ƙofar mota sai na ji "tas!" a yatsa, kamar an soka min allura. Auta na tsaye da jakar makaranta, ta kwashe da dariya. "Baba, ina motar ta samo wuta, ba a ma tayar da ita ba?" Na ce ta bari sai dare.

Rabin wunin a shagon mai gyaran janareto ya ƙare, domin namu tun shekaranjiya sai kuka yake, ba ya kawo wuta. Mutumin ya kwance shi, ya shinshina, ya ce, "Malam, kwayil ne ya ƙone, sai an sake naɗi." Na zauna a benci ina kallon yaronsa yana warware wayar jan ƙarfe da ta yi baƙi ƙirin. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare, ina zana wannan abin a allo, amma yau na fara ganin hanjinsa da idona. Na ɗan ji kunya.

Abin da ke ciki bai wuce abin da Michael Faraday ya gano a Landan a 1831 ba: ka motsa maganaɗisu kusa da naɗaɗɗiyar waya, wuta ta gudana, ka tsayar da shi, ta tsaya. Shi ke nan. Namu fetur ke juya shi, na madatsar Kainji ruwa ke juya shi. Na ba mai gyaran da yaronsa labarin Faraday, don ina sonsa. Ɗan maƙeri ne, bokonsa ba ta yi nisa ba, yana ɗan shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai. Da yawa daga littattafan da aka kawo ɗinki sai da ya karance su. A 1812 ya je sauraron laccocin wani babban masanin kimiyya, Humphry Davy, ya rubuce abin da ya ji, ya ɗinke shi da hannunsa ya aika masa, shekara na zagayowa Davy ya ɗauke shi aiki a ɗakin gwaji. Mai gyara ya zunguri yaronsa da sukudireba ya ce, "Ka ji ko? Ashe yaron shago ne irinka." Yaron bai ɗago ba, amma na ga ya daina fizgar wayar da garaje.

Bayan isha Auta ta zo karɓar bashinta. Na goga biro a ɗankwalinta, na kai shi kan gutsattsarin takarda, suka yi tsalle suka manne. Sanyin nan mai bushewa shi ke sa irin wannan cajin na gogayya ya taru a jiki har ya yi tartsatsi kamar na ƙofar mota, da damina da wuya ka ji shi. Na ce mata Girkawa sun san wannan wasan kimanin shekara 600 kafin Annabi Isa (AS), da wani daskararren ƙaron itace da suke kira elektron. Daga sunan nan kalmar ta bi ta bakin Turawa har ta iso mu ta zama lantarki.

Abin da ke ɗaure min kai shi ne fiye da shekara dubu biyu abin bai wuce wasa ba, saboda tartsatsi ne, da ya fito ya mutu. Sai da wasu Italiyawa biyu suka yi gardama a kan ƙafar kwaɗo. Galvani ya ga ƙafar mataccen kwaɗo tana harbawa idan ƙarfe ya taɓa ta, ya ce wutar a jikin dabbar take. Volta ya ce a'a, haɗuwar ƙarfe iri biyu ce. Don ya kafa hujja, a 1800 ya jera faifan tutiya da na jan ƙarfe bisa juna, tsakaninsu kwali jiƙe da ruwan gishiri, ya samu wuta mai gudana ba yankewa. Batir na farko ke nan. Maman yara daga kicin ta ce a daina zancen kwaɗo tana kwasar tuwo.

Janareto sai jibi, kuɗin naɗin kuma na roƙi ragi bai rage ko sisi ba. Har yanzu ba a kawo wuta ba, da fitilar caji nake wannan rubutu. Auta ta yi barci da birona a hannu, gadon duk yagaggun takardu.