Furen kwarko ya zauna a takarda, launinsa bai mutu ba

'Yan'uwa masu tara furannin daji, alhamdulillahi, yau na buɗe katakon matsi, wanda ake danne tsiro a ciki har ya bushe, na tarar da furen kwarko da fallayensa shida cif, rawayarsa na nan kamar yanzu aka tsinko shi daga fadamar Kwalkwalawa. Duk wanda ya taɓa gwada wannan tsiro ya san abin murna ne.

Ina cikin tara baƙin tsirrai da suka zama 'yan gida a Sakkwato. Tafasa, rai-ɗore da ƙashin yawo duk asalinsu nahiyar Amurka ne, kuma ba su ba da wahala ba, illa ganyen tafasa da ke naɗewa in an bar shi ya sha iska. Kwarko kuwa, wato Argemone mexicana, mutumin Meziko, shi ya hana ni sakat.

Wahalarsa uku ce a haɗe. Fallayen furen sun fi takardar tishu laushi, suna kakkaɓewa kafin a iso gida. Ruwan rawayar da ke fita in an yanke karan yana bin jarida ya koma baƙi-baƙi ya ɓata furen. Ga ƙaya a ganye da kwanso, tana huda takarda ta tokare katako, sai matsin ya sauka kan kwanson kawai, furen kuma ya yanƙwane a fili.

Ga abin da ya yi aiki. A tafi da katakon har bakin gulbi da sassafe, kada a sa tsiron a leda. Da an yanka, a dangwala bakin karan a tsumma har ruwan ya daina fita, sannan a naɗe wurin da ɗan tishu. Kwanson a tsaga shi biyu da reza a tsaye, a zuba 'ya'yan a ambulan. Furen a kifa shi kan tishu marar zane, a rufe da wani, sannan a ninke jarida a kewaye shi da ita har tsayinta ya kai kaurin karan, domin nauyi ya sauka daidai ko'ina. Kwali mai ramuka sama da ƙasa, ramukan duk su fuskanci gefe ɗaya don iska ta ratsa. Katakona santimita 30 ne a 45, ina ɗaure shi da robar tsohon tib na babur guda biyu.

Babban sirrin: ana canza jarida bayan awa 12, sannan kullum sau ɗaya, amma tishun da ke manne da furen ba a taɓa shi sam har ya bushe. Ɗaga shi da danshi shi ke yage fallayen. Da iskar hunturu kwana 5 zuwa 7 ya isa, a inuwa. Rana tana cinye launin. Tsohuwar jarida dai ta yi tsada, masu tsire da ƙosai sun riga mu wawashe ta, abin ya ƙona min rai.

Don Allah a kula da 'ya'yan. Ƙanana ne baƙaƙe, suna da dafi; man girkin da aka gurɓata da su ya kashe gomman mutane a Delhi ta Indiya a 1998. Kada su kusanci hatsi ko hannun yara. Suna kuma daɗewa a ƙasa ba su mutu ba, shi ya sa tsiron ke mamaye gonakin rani, ga shi dabbobi ba sa cin sa. Ragowar da ba a buƙata a ƙone ta, kada a watsa a bola.

Saura liƙawa a kwali fari da ɗigon gam a ƙarƙashin kara kawai, da rubuta wuri da kwanan wata, sai kafur a akwati saboda ƙwari.