Aikin Tara wa Ƙungiyar Agaji Kuɗi: Abin da Ke Biyo Bayan Ranar Gidauniya

Matasa da yawa a Gusau suna zaton aikin tara wa ƙungiya kuɗi bai wuce shirya ƙaddamar da gidauniya ba: a kama zaure, a gayyato manyan baƙi, mai gabatarwa ya riƙe lasifika yana cewa Alhaji wane ya ba da miliyan biyu. Wanda ke son ya riƙi abin sana'a ya sani washegari ne aikin ke farawa, domin galibin abin da aka shelanta alkawari ne, shi kuwa alkawarin taro da an watse yake soma sanyi.

Tun a wurin a zaunar da mutum biyu da littafi, suna rubuta suna, lambar waya, adadi, da kuma ko kuɗi ne a hannu, ko cek, ko alkawari. Kafin kwana uku takardar godiya ta isa hannun kowa, ɗauke da lambar asusu. Babban mutum ba a tuna masa da saƙon waya. Takawa ake yi har gida a gaishe shi, tare da dattijon da yake jin nauyinsa.

Asusun nan dole ya zama da sunan ƙungiya. Ana yin rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a matsayin amintattu, wato masu riƙon amanar ƙungiya, bisa dokar kamfanoni ta 2020, a buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Banki kuma zai nemi takardar SCUML, ofishin yaƙi da halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC. Masu sa hannu su kasance aƙalla biyu. Tura gudummawa asusun sakatare ya wargaza ƙungiyoyi masu kyakkyawar niyya, ko da sakataren bai ci ko kwabo ba, don zargi kaɗai ya isa.

Inda aka fi tuntuɓe a Zamfara shi ne cakuɗa kuɗi. Zakka tana da mutanenta takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa, kuma malamanmu na Malikiyya ba su yarda a gina aji ko a haƙa rijiyar burtsatse da ita ba. Irin wannan aiki na sadaka ne ko waƙafi. Saboda haka a tambayi mai bayarwa tun farko, "Ranka ya daɗe, wannan zakka ce ko sadaka?", a rubuta amsar a jikin rasit, kowanne da shafinsa a littafi. Jihar tana da Hukumar Zakka da Waƙafi, ya kamata a san iyakar hurumin juna kafin a fita karɓa.

Lokaci ma ilimi ne. Ɗan kasuwa ya fi sakin hannu da azumi, manomi kuwa sai da kaka, kuma buhu zai ba ka: zakkar amfanin gona ɗaya bisa goma ce a noman damina, rabin haka idan da inji ya yi ban ruwa. Wanda ya karɓi buhunan gero ba shi da ɗakin ajiya busasshe mai katako a ƙasa, ƙwari da laima za su riga mabukata ci.

Batun lada, a yanka wa jami'in tara kuɗi albashi sananne wanda amintattu suka amince da shi a rubuce. Biyansa kaso daga abin da ya tara yana sa shi matsa wa mutane, kuma duk ranar da Alhaji ya ji cewa dubu ɗari daga miliyan ɗinsa aljihun wanda ya zo gaishe shi ta shiga, ba zai sake ɗaga wayar ƙungiyar ba.